Jita mai doro ko ruwa-biyu: wacce za ta jure dandalin biki da hunturunmu?

Ɗan Kakuri:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni. Shekara takwas ina kaɗa jitar lantarki mai dunƙulallen jiki, irin ƙirar Stratocaster. Yanzu na samu aikin daren Juma'a a wani otal nan Kaduna, kiɗa ne mai sanyi, mutane na cin abinci muna bi a hankali, ni da mai fiyano da mai bes. Sautin jitata ya yi mini tsini a wurin, kamar ana sokar kunne da tsinke. Wani zai bar gari, ya kawo mini biyu in zaɓa. Ɗaya mai doro ce, wato fuskarta a kumbure take, cikinta kogo gaba ɗaya, kaurinta ya kusa na jitar gargajiya. Ɗayar siririya ce mai rabin kogo, wadda ake kira ruwa-biyu, irin zubin Gibson ES-335. Kuɗin ɗaya kawai gare ni. Matsalar ita ce Asabar da Lahadi ina bin bikin aure, can kuwa kun san yadda ake ƙure sifika. Wanda ya taɓa riƙe irin waɗannan ya gaya mini gaskiya, ba abin da ya gani a YouTube ba.

Na Tudun Jos:
Wa alaikumus salam. Ɗauki siririyar, ka huta. Na gama magana.

Ɗan Kakuri:
Haba Oga, ai ba ka fara ba balle ka gama. Dalili fa?

Na Tudun Jos:
To ga dalili. Na taɓa shiga biki da mai cikakken kogo, ba zan kira sunan kamfanin ba don ba laifinsu ba ne, ni na kai ta inda ba nata ba. Mai ganga na gefena, sifikar bes na bayana. Da na ɗaga sauti sai jikin jitar ya kama rawa a ƙirjina, ta fara wani ƙugi kamar sa a mahauta, wuuuu, ko ban taɓa tsirkiya ba. Dole na riƙa danne wayoyin da tafin hannu tsakanin kowace gaɓa. Uwar amarya ta aiko a tambaya ko janareta ne ya lalace. Tun ranar ban sake ba.

Baba Mai Gyaran Jita:
Yarana, bari in sa baki, don magana ta zo gidana. Na Tudun Jos bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi inda ƙugin yake fitowa ba, kuma in ba a san wannan ba ba za a yi zaɓi da hankali ba.

Jita mai doro ba don lantarki aka ƙirƙiro ta ba. Orville Gibson ne a garin Kalamazoo na Amurka ya fara sassaƙa fuskar jita yana yi mata doro kamar goge na Turawa, tun ƙarshen shekarun 1890. A 1922 Lloyd Loar na kamfanin Gibson ya fito da jitar L-5, ya cire zagayayyen ramin tsakiya ya sa tsaga biyu masu kamar harafin f. Abin da aka zo ana nema daga baya shi ne jitar da za a ji ta a tsakiyar masu busa ƙaho goma sha wani abu, ba tare da amfilifaya ba. Don haka aka yi ta yadda sautinta zai fito da ƙarfi nan take, fat, ya kuma mutu da wuri ya ba na gaba hanya. Fuskar siririya ce, an sassaƙe ta don ta girgiza da abu kaɗan. To abin da iskar tsirkiya ke girgizawa, iskar sifika ma za ta girgiza shi. Sifika ta kaɗa fuska, fuska ta kaɗa tsirkiya, fikof, wato 'yar na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, ya ɗauka ya mayar wa sifika, sai abin ya riƙa zagayawa yana ƙaruwa. Shi ne san da ya yi kuka a bikin.

Wannan matsalar ce ta sa Gibson suka fito da ES-335 a 1958, zamanin da Ted McCarty ke shugabancin kamfanin. Suka rage kaurin jikin, suka ratsa gungumen katako a tsakiya daga wuya har gindi, fikof da jaki duk suka zauna a kansa, gefe biyu kawai aka bari kogo. Ita ce siririyar da aka kawo maka, ko wadda aka kwaikwayo daga gare ta.

'Yar Barnawa:
Baba, jaki kuma? Na ɗauka gada ake cewa.

Baba Mai Gyaran Jita:
'Yata, masu garaya da goge jaki suke kiran ɗan iccen da tsirkiya ke hawa, don shi ke ɗaukar kaya. Kuma a jita mai doro sunan ya fi dacewa, domin nata jakin ba a manne yake ba. Zaune kawai yake a kan fuska, nauyin tsirkiya ne ke danne shi, daidai yadda na gurmi ke zaune a kan fata. Ranar da ka kwance wayoyi shida lokaci guda, jakin zai faɗo ƙasa. Sau nawa yara suka kawo mini jita suna cewa ta daina saituwa, in duba in ga sun canza waya sun ajiye jakin inda ransu ya so. Ɗaya bayan ɗaya ake canzawa. In kuma dole ka cire duka, ka fara sa 'yar alama da salatif na takarda. In ya riga ya goce, auna daga bakin wuya, inda wayoyi ke hawa ta wajen kan jitar, zuwa firet na 12 (firet su ne 'yan ƙarafan da suka gitta wuyan), ka sake auna daidai wannan tsawon daga nan zuwa gaba, nan jakin zai zauna, sai ka ƙarasa da kunne.

Malamin Kiɗa Samaru:
Ni ban yarda a yanke wa mai doro hukunci da abin da ya faru a biki ba. Kamar a ce doki ba shi da amfani ne don ya kasa jan amalanke. Ɗan Kakuri ya ce aikin otal ne ya sa yake neman sabuwar jita. A irin wannan ɗakin, sautin da yake nema a kogo yake. Ina da Ibanez Artcore mai cikakken kogo shekara shida ke nan. In ka sa mata waya mai santsi, wadda aka naɗe da shimfiɗaɗɗen ƙarfe, mai kauri lamba 12, ka koma fikof na wuya, ka rage ƙarar sama kaɗan, kowane sauti zai fito da ɗan “tum” a farkonsa, kamar an buga ƙaramar ganga kafin muryar ta biyo. Siririyar ba ta ba ka wannan. Tana ba ka sauti mai tsawo, mai santsi, mai kyau ƙwarai, amma wancan bugun katakon babu shi, gungumen tsakiya ya shanye.

Kuma akwai abin da ba a ji a sifika, mai kaɗawa kaɗai ke jinsa. Jitar tana numfashi a cikinka. In na danna kod, wato wayoyi da yawa lokaci guda, na ji shi a haƙarƙarina, hannuna da kansa yake sassautawa. Shi ya sa nake sa ɗalibaina su yi wata guda a kanta ba tare da an jona ta ba. Ba ta ɓoye kuskure. Inda yatsa bai zauna ba za ka ji, babu jan sautin da zai rufa maka asiri.

Na Tudun Jos:
Malam, haƙarƙarinka ba shi ke biyan kuɗin haya ba. Biki ne ke biya.

Malamin Kiɗa Samaru:
Ai bai ce zai sayar da tsohuwar jitarsa ba. Ya kai Stratocaster ɗin biki, ya kai mai doro otal. Ina rigimar?

Ɗan Kakuri:
To nan fa gizo ke saƙar, Malam. Sai na sayar da tsohuwar kuɗin zai cika. Na manta ban faɗa ba.

Na Tudun Jos:
Ka ji ko.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ni daga Zinder nake bin zancen. Abin da ba ku taɓo ba shi ne hannu. Mu nan kiɗan da ake nema wajen biki irin na Agadas ne, irin na su Bombino da Mdou Moctar. Yatsa na hawa na sauka da sauri, kana bugun waya da yatsan hagu kana fizgewa, wata waya a buɗe tana ta ƙugi a ƙasa. Wannan kiɗan waya mai laushi yake so, lamba 9 ko 10, da jitar da sautinta ke daɗewa. Na gwada na wani abokina mai doro a Yamai, waya lamba 13 a kanta, ta uku ma naɗaɗɗiya ce. Wallahi minti goma yatsuna suka ce sun gaji. Na so in ja waya ta ukun sama kamar yadda na saba, ta ƙi motsi. Ga jikin ya yi kauri, kafaɗar dama na rataye a sama. Ga wuyan ya haɗe da jiki a firet na 14, in ka wuce nan sai ka yi ta laluben hanya. Jita ce ta mai zama a kujera. Mu a tsaye muke kwana.

Baba Mai Gyaran Jita:
Gaskiyarka ɗan Damagaram. A 335 wuyan sai firet na 19 yake haɗuwa da jiki, kuma an yanke kafaɗu biyu, hannu na kaiwa ƙarshe. Amma kaurin waya ba dole ba ne. Ana sa wa mai doro lamba 11 ta yi lafiya. Abin da ya sa ake son mai kauri, nauyinta ne ke danne jaki ya kaɗa fuska. In ka sa lamba 9, jakin ma zai riƙa zamewa in ka yi bugu da ƙarfi, sautin kuma ya zama kamar na gwangwani.

Hajiyar Zango Kumasi:
Ina gaida zaure, ina gaida Baba. Jitar mahaifina ce a hannuna, mai doro, ya yi kiɗan hayilayif na Ghana da ita tun kafin a haife ni. Ni dai abin da zan ce, a irin kiɗanmu inda jita biyu ke saƙa da juna, wannan gajeren sautin da wasu ke kuka da shi shi ne daɗin. Kowace ƙwaya ta fito ta koma, ba ta taka ta 'yar'uwarta. In ka yi saƙar da jita mai jan sauti sai ta cakuɗe kamar taliyar da ta dahu ta wuce. Matsalarmu a nan danshi ne. Waya sati biyu ta yi tsatsa, damina kuma fuskar ta kumbura wayoyi su yi sama. Sai in juya 'yan ƙafafun nan biyu na ƙarƙashin jaki in sauke shi, shi ke nan. Wannan kam babu jitar da ta kai ta sauƙi.

Baba Mai Gyaran Jita:
Madalla Hajiya, kin kawo ni inda nake son zuwa. Ku danshi ke damunku, mu rashinsa. Ɗan Kakuri, kafin ka yi maganar sauti, leƙa ta tsagar nan ka duba bakin katakon. In ka ga layi-layi kamar an jera takardu, to hawa-hawa ne aka manne aka matse shi ya yi doro. In ka ga zaren icce ɗaya ya ratsa daga sama zuwa ƙasa, sassaƙaƙƙe ne.

A littafi sassaƙaƙƙen ya fi daraja, ya fi tsada, ya fi murya in ba a jona ba. Irinsa John D'Angelico ya riƙa yi da hannu a Niyok, irinsa ne L-5 ɗin makaɗin jaz Wes Montgomery. Amma masu ƙera jita suna cewa a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu kuwa a tsakiyar hunturu yakan sauko ƙasa da kashi 20. Icce guda in ya bushe tsukewa yake yi, gefensa kuma a manne, ba inda zai je, sai ya tsage, galibi daga bakin tsagar f. Bara wani ya kawo mini wadda ɗan'uwansa ya aiko masa daga Turai, sassaƙaƙƙiya, kyakkyawa. Ya rataye ta a bango don baƙi su gani. Watan Janairu da dare ya ji ƙas, ya ɗauka ɓera ne. Tsaga ta kusa tsawon tafin hannu. Na ɗinke ta da 'yan ƙananan katako daga ciki, tana kaɗuwa, amma darajarta ta tafi.

Mai hawa-hawa kuwa zaren kowane hawa ya gitta na ɗan'uwansa, suna riƙe juna. Kada wani ya raina ta. ES-175 da ta fito a 1949, wadda aka sa mata suna da farashinta na dala 175, hawa-hawa ce, kuma da ita makaɗin jaz Joe Pass ya yi suna, Pat Metheny ma ya daɗe a kanta. 335 ɗin ma hawa-hawa ce. Ga shi mai hawa-hawa ba ta saurin ƙugi kamar sassaƙaƙƙiya. A ƙasarmu ni ita nake ba mutum shawara, ko da yana da kuɗin ɗayar.

Kowacce ka ɗauka, hunturu a cikin akwatinta za ta kwana. Samo kwanon sabulu na roba, ka huda murfin, ka sa soso mai ɗan laima, ba mai ɗiga ba, ka ajiye wajen kan jitar. Duk kwana biyu ka duba. In ka ji bakin firet ya fara yankar hannu, wuyan ne ya bushe, kada ka yi gaggawar kawo mini in goge, ba ta ruwa tukuna.

'Yar Barnawa:
Ni na ɗauka da aka ce ruwa-biyu ana nufin irin tawa ne. Ina kaɗa wa ƙungiyar mawaƙa a coci, kuma a waƙa ɗaya sai a buƙaci sautin jitar gargajiya a farko, a ƙarshe a buƙaci na lantarki. A da, jita biyu nake ɗauka a Keke. Yanzu Godin A6 nake riƙewa, ƙirar Kanada. Tana da fikof na maganaɗisu a wuya, da wani a ƙarƙashin jaki mai jin matsin waya, kowanne da ramin jonawarsa. Ɗaya in tura wa mai miksa, ɗaya amfilifaya. Ba ta ƙugi, ba ta da nauyi. Ɗan Kakuri bai duba irin wannan ba?

Malamin Kiɗa Samaru:
Sunan ya haɗa su duka, Anti. Wasu in sun ce ruwa-biyu rabin kogo suke nufi, wasu irin taki. Na taɓa Taylor T5, na kuma taɓa Acoustasonic ɗin da Fender suka fitar a 2019. Aiki suna yi, ban musa ba. Amma a kunnena fikof ɗin ƙarƙashin jaki, ko na wane kamfani ne, yana da wani ƙyas-ƙyas a farkon sauti, kamar ana taka busasshen ganye. Waya yake ji, ba ya jin iska a cikin katako. Ga wanda ke neman ɗumin jaz, wannan hanya ce ta daban.

Baba Mai Gyaran Jita:
Gyara kaɗan Malam. T5 ba ta cikin masu fikof a ƙarƙashin jaki. Nata na maganaɗisu ne guda biyu, ɗaya a ɓoye wajen wuya, da wata 'yar na'ura a manne a cikin fuska mai jin girgizar katako. Sauran maganarka na yarda.

'Yar Barnawa:
Ƙyas-ƙyas ɗin na sani, Malam, in na haɗa da na wuyan kaɗan yana ɓacewa. Kuma cikin mutum ɗari uku masu waƙa ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mini ya ji busasshen ganye. Abin da ya taɓa ba ni kunya batir ne. Ya mutu ana tsakiyar waƙa, laifina, wata biyar ban canza ba. Yanzu guda biyu ke cikin jakata kullum.

Na Tudun Jos:
Duk kun zagaya kun dawo inda na tsaya tun farko. B.B. King, shahararren makaɗin jita na Amurka, da kansa tsumma ya riƙa cusawa a tsagar jitarsa don ta yi shiru, har daga baya aka ƙera masa jitarsa mai suna Lucille ba tsaga ko ɗaya. Kuma tasa ma mai gungume ce a tsakiya. In shi ya sha wannan wahalar, ina ga mai cikakken kogo a gaban sifikun bikin Kaduna?

Malamin Kiɗa Samaru:
Makaɗin jaz George Benson fa? Ibanez GB10 ɗinsa cikakken kogo ce, tun ƙarshen shekarun 1970 yake hawa manyan dandamali da ita. An ƙanƙanta jikin, an ƙara wa fuskar kauri, shi ke nan. Kuma akwai dabara. Kada amfilifaya ta kalli bayan jitar, ajiye ta ta ɓangaren wuya. Rage bes a amfilifaya, don daga ƙasa ƙugin yake tasowa. Yanka soso baƙi ka toshe tsagar biyu. Na yi walimar makaranta da haka lafiya lau.

Na Tudun Jos:
Walimar makaranta. Malam, Allah ya ba ka haƙuri. Benson yana da mai kula da sauti da ke jin maganarsa. Mu namu in ka ce ya rage, ƙarawa yake yi don abokansa su san yana wurin.

Ɗan Damagaram:
Wannan kam har Zinder haka suke.

Baba Mai Gyaran Jita:
Ku bar faɗan. Ɗan Kakuri, ka roƙi mai kayan ya ba ka su kwana biyu, ka bar masa taka jingina. Juma'a ka je otal da duka biyun, Asabar ka je biki da duka biyun. Ka duba fikof ɗin kuma. In mai naɗi ɗaya ne irin P-90, to da wutar janareta zai riƙa yi maka zuuu, in hambaka ne mai naɗi biyu zai yi shiru. Sannan ka ɗora ido ta saman wuya ka kalli jaki, ka ga ko ƙafafunsa sun ƙure sama ko sun ƙure ƙasa. In sun ƙure, wuya ko fuska ta motsa, gyaran ya fi ƙarfin abin da za ka so biya.

Ɗan Kakuri:
Na dawo da rahoto. Na yi yadda Baba ya ce. Dukansu hawa-hawa ne, dukansu hambaka.

Daren Juma'a Malam ya ci gari. Da na fara da mai doron, mai fiyano ya juyo ya kalle ni, bai ce komai ba, ya rage nasa. Wannan “tum” ɗin na ji shi, kuma na ji abin haƙarƙarin da Oga Na Tudun Jos ya yi wa dariya. Da na koma siririyar bayan hutu, ta yi daɗi, ta fi tsohuwata nesa ba kusa ba, amma sai na ji kamar an rufe wata taga.

Asabar kuwa na toshe tsagar da soso, na juya amfilifaya, na rage bes. Waƙa biyu ta jure. Da aka fara liƙi mai miksa ya ƙure komai, sai ga san nan ya taso. Na ajiye ta na ɗauki siririyar har aka tashi, ko tari ba ta yi ba.

Siririyar na biya. Na sa mata waya mai santsi lamba 11, ta ɗan matso kusa da abin da nake so. Mai doron kuma na roƙi mutumin kada ya kai ta kasuwa, ya bar ta wajen ƙaninsa zuwa bayan Sallah, na ba da ɗan kafin alƙalami.

Na Tudun Jos:
Wato duka biyun za ka saya. Madam ta sani?

Baba Mai Gyaran Jita:
Ka ce wa ƙanin nasa ya sauke ta daga bango ya sa a akwati, iska ta fara juyawa. In ba su da kwanon sabulu ka kai musu.